Gaskiya ko Jita-jita: Kitso da Kwarkwata a Jirgin Fatsa

Ƙanena, ɗan kawuna, Basarke ne haihuwar Yawuri, amma ya daɗe a Legas yana kula da jirgin ruwan wani mai hali. Jirgin na faiba ne, tsawonsa ƙafa 17, na hannu da aka shigo da shi daga Amurka, irin wanda ake hawa ranar hutu a jefa fatsa don nishaɗi. Da na kai masa ziyara a ƙarshen damina, na tarar an jawo jirgin tudu, ga sabon kafet shuɗi a naɗe a gefe, ga gwangwanin gam biyu. Maigidan ya bar saƙo cewa a ɓare tsohon kafet a manna sabo kafin Asabar.

Ya ce mini, “Yaya, hau ka taka nan, kusa da kujerar direba.”

Na hau na taka. Daɓen ya lotsa kamar na taka katifa, wani baƙin ruwa ya tsattsafo ta gindin sukurun da ya riƙe kujerar. Ya dube ni ya ce, “To a kan wannan ake so in shimfiɗa sabo.”

Tun daga ranar nake tara maganganun da masu irin waɗannan jirage da masu gyaransu ke yi, ina auna su ɗaya bayan ɗaya. Wasu gaskiya ne, wasu rabinsu gaskiya, wasu kuwa su ne suke cinye jirgin mutum yana ji yana gani.

Mu da muka tashi a bakin Kwara, jin an ce kafet a cikin jirgin su abin mamaki ne, don haka ya kamata a san daga ina al'adar ta fito. Ta fito ne daga kudancin ƙasar Amurka, inda kamun wani kifi da suke kira bas ya zama gasa ta kuɗi. A 1967 Ray Scott ya shirya babbar gasarsa ta farko a tafkin Beaver da ke jihar Akansas, a 1968 kuma Forrest Wood ya fara ƙera jiragen Ranger a garin Flippin na wannan jiha. Mai irin wannan fatsa a tsaye yake yini a kan dandamali, yana jifa yana jawowa. Yana bukatar abin da ba zai zame a kai ba, wanda ba zai ƙona masa ƙafa ba, kuma ba zai yi ƙara ba. Kafet ya biya masa waɗannan bukatu uku. Amma shi in ya dawo gida yakan ɗora jirginsa a tirela ya shigar da shi gareji ya bushe. Da jirgin ya tsallako teku ya zo hannunmu, kafet ɗin ya biyo shi, garejin bai biyo shi ba.

Magana ta farko ita ce ta maigidan ƙanena, kuma ita ce aka fi ji: wai jirgin faiba ba ya ruɓa, kafet ne kawai ke tsufa. Wannan jita-jita ce. Gaskiya ne faiba kanta, wato zaren gilashi da aka jiƙa da ruwan rezin ya daskare, ba ta ruɓa. Sai dai a mafi yawan tsofaffin jirage faiba fata ce kawai. Daɓen da ake takawa filawud ne. Ƙarƙashinsa akwai dogayen katakai da suka taso daga baya zuwa gaba, su ne ƙashin jirgin, an lulluɓe su da faiba. Bangon baya, inda ake ɗaura inji, shi ma filawud ne mai kauri a tsakanin faiba biyu. Duk sukurun da aka ɗaura don kafa kujera ko akwatin batir, ƙofa ce aka buɗe wa ruwa zuwa cikin katakon. In ya shiga kuwa, faibar da aka sa don ta kare katakon ita ce za ta hana shi fita.

Shi ya sa inda ka ji ya lotsa ba nan ciwon ya tsaya ba. Da ƙanena ya ɓare kafet ɗin, wurin da ya yi laushi bai fi faifai ba. Ya ɗauki ƙaramar guduma ya bi daɓen yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen wuri yana amsawa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, kamar an bugi buhun gari. Ya bi da alli yana zagaye duk inda ya ji dum, kafin ya gama ya zagaye fiye da rabin daɓen. Sannan ya sa siririn bakin dirila ya huda ƙashin jirgin a wuri uku. Huda ta farko ta fito da gari fari busasshe mai ƙamshin katako. Ta biyu da ta uku abin da suka fito da shi ya yi kama da jiƙaƙƙen ganyen shayi, ya murza a yatsa ya zama laka. A ƙarshe ya ɗaga injin, ya kama ƙafarsa ya danna ƙasa da ƙarfi, ni kuma ina kallon bangon baya. Bai motsa ba, muka yi hamdala. Da ya lanƙwasa ko kaɗan, da aikin ya ninka, domin bangon da ya ruɓe yana iya sakin inji a tsakiyar ruwa. Wannan gwaji duka bai ci awa ɗaya ba. Wanda ya tsallake shi ya manna sabon kafet, kitso ya yi da kwarkwata.

Sai masu cewa kafet ɗin ne ke ruɓar da daɓe. Rabin gaskiya ce. Kafet na jirgi da zaren roba ake saƙa shi, wanda ake kira folifirofilin, kuma zaren ba ya shan ruwa, ba ya ruɓa. Bayansa ma roba ce. Amma ruwa yana kwanciya tsakanin zarurruka, yashi da yauƙin kifi suna taruwa su riƙe danshi, bayan robar kuma idan rana ta dafa shi shekara da shekaru sai ya tsattsage. Daga nan kafet ya zama jiƙaƙƙen tsumma da aka ɗora a kan katako dare da rana. Idan an rufe katakon da rezin yadda ya kamata, babu abin da zai same shi. Idan tsirara ne, ko fuskar sama kawai aka shafa, to kafet ɗin zai gaggauta masa. Laifinsa mafi girma a wurina shi ne ɓoye ɓarna, domin mutum ba ya ganin abin da ke faruwa sai ƙafarsa ta faɗa.

Yanzu ga maganar da kowa zai rantse a kanta: ruwa ne ke ruɓar da katako. Ban ga laifin mai faɗar haka ba, amma ba daidai ba ne, kuma hujjar tana nan a ƙasarmu. A 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe ta yanzu, ya ci karo da wani katako a zurfin kusan mita 5. Da masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Faranfot ta Jamus suka tono shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita 8 da 'yan kai, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000. Duk tsawon wannan zamani a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake kwance, kuma ya fito da siffarsa. Abin da ya tsare shi rashin iska ne.

Abin da ke cin katako wata halitta ce dangin funfuna, kuma tana bukatar abu uku a tare: danshi, iska da ɗumi. Katakon da danshinsa bai kai kashi 20 cikin 100 ba, ba ta iya cinsa. Wanda ya nutse gaba ɗaya inda iska ba ta kai wa, shi ma da ƙyar take taɓa shi. Wanda take so shi ne na tsakiya, wanda bai bushe ba kuma bai nutse ba, a rufaffen wuri mai zafi. Ka dubi ƙarƙashin daɓen jirgin da aka lulluɓe da tamfol a Legas, garin da ruwan samansa ke haura milimita 1,500 a shekara, ka ga an haɗa mata duk abin da take nema. Kuma ruwan da ke yin ɓarnar galibi ba wanda jirgin ke yawo a kai ba ne, na sama ne. Ruwan gishiri ma yana rage wa funfuna ƙarfi, har masu ƙera manyan jiragen katako na da sukan cusa gishiri tsakanin katakai don wannan dalili, ko da yake shi ma teku yana da tasa tsutsar mai huda katako. Jirgin ƙanena a tudu ya ruɓe. An bar shi damina biyu hancinsa a ƙasa, toshiyar magudanarsa ta baya a ɗaure, ruwan sama ya taru ya rasa hanyar fita. Cire wannan toshiya da ɗaga hancin jirgi a kan bulo biyu ba sa cin ko sisi.

Kawunmu, wanda ya yi shekaru yana haɗa jiragen katako a Yawuri, bai taɓa jin labarin kashi 20 cikin 100 ba, amma ba ya yarda a kife jirgi a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ya ɗora shi a kan itace, iska tana ratsawa ta ƙasa. Kwale-kwalenmu na gida yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: cikinsa a buɗe yake. Duk ruwan da ya shiga ana ganinsa, a sa ƙwarya ko yankakken galan a kwashe, rana ta ƙarasa sauran.

Idan aka zo sayen sabon katako, mai shago zai ce maka filawud na ruwa ba ya ruɓa. Jita-jita ce, kuma mai tsada. Abin da ya bambanta shi da na kafintan gida shi ne gam ɗin da aka manne ɓawonsa da shi ba ya saki ko an tafasa shi, kuma babu ramuka a tsakiyarsa inda ruwa zai taru. Ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 1088 da ake bugawa a jikinsa a kan wannan yake magana. Itacen kansa kuwa, wanda sau da yawa okume ne daga dazukan Gabon, mara nauyi ne mai daɗin aiki, amma ba shi da juriyar ruɓa. Dole a shafe shi da rezin sama da ƙasa, musamman bakin yanka, inda yake zuƙar ruwa kamar rake. Kowace huda ta sukuru ita ma a cika ta da abin toshewa kafin a ɗaura.

Akwai kuma katakon da aka dafa da magani, mai launin kore-kore, wanda ake cewa shi ne maganin abin gaba ɗaya. Ga mai jirgin alminiyum wannan shawara guba ce. Har ƙarshen 2003 maganin da aka fi amfani da shi a Amurka shi ne CCA, mai ɗauke da sinadarin asinik. Da aka janye shi daga katakon gidaje, waɗanda suka maye gurbinsa, irin su ACQ, sun fi shi yawan jan ƙarfe. Idan jan ƙarfe ya haɗu da alminiyum, ga danshi a tsakani, sai su zama kamar batir, alminiyum ɗin ne kuma ke narkewa. Yakan fara da farin gari, ya koma ƙananan ramuka, wata rana a ga ruwa yana tsiyaya ta jikin jirgi. Ga mai jirgin faiba matsalar daban ce: irin wannan katako yakan zo da danshi a cikinsa, rezin kuwa ba ya kama jiƙaƙƙen katako.

Da ƙanena ya zo yanke daɓen, na ga ya tsaya yana daidaita zurfin haƙoran zarto da kaurin filawud ɗin, yana gwadawa a kan wani guntu. Na tambaye shi dalili. Ya ce, “Yaya, tankin fetur yana ƙasa, ga wayoyi, ga cikin jirgin kansa. In na zarce da rabin inci na huda abin da ban iya biya.” Ya riga ya zuƙe man, ya cire batir, ya bar wurin ya sha iska tun jiya. Da ya ɗaga allon farko sai ga wani soso mai ruwan ɗorawa ya cika ko'ina. Ya luma hannu ya yanko guntu, ya matse, ruwa ya zubo ta tsakanin yatsunsa.

A kan wannan soso akwai maganganu biyu masu karo da juna, kuma duka biyun kuskure ne. Wasu na cewa ba ya shan ruwa, a bar shi yadda yake. Yana sabo haka ne, domin ƙananan kumfa ne rufaffu. Amma shekaru na girgiza da zama cikin ruwa suna fasa kumfan. Guntun da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa ƙafa ɗaya-ɗaya ne, yana busasshe bai kai kilo 1 ba, ruwan da zai cika wannan wuri kuwa ya kai kilo 28. Ka lissafa guntaye nawa ne a ƙarƙashin daɓe. Wannan ne ya sa mai jirgi yake kukan injinsa ya rage gudu yana shan mai, a yi ta canza fulogi, alhali mutum uku ko huɗu yake ɗauke da su a ɓoye. Kuma sosan da ya jiƙe a rufe ba ya bushewa don an shanya jirgi mako guda. Sai an haƙe shi da shebur.

Wasu kuma na cewa tunda shi ne ke riƙe ruwa, a kwashe shi a zubar, jirgi ya huta. Wannan ita ce maganar da ta fi tayar mini da hankali. Ba don ado aka zuba shi ba. Bayan dokar kiyaye lafiyar ƙananan jirage da Amurka ta kafa a 1971, hukumar tsaron gaɓar tekunta ta wajabta wa masu ƙera jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba su sa abin da zai hana su nutsewa ko sun cika da ruwa. Jirgin katako in ya kife yakan taso, mutane su riƙe shi har taimako ya zo, duk wanda ya girma a bakin ruwa ya san haka. Faiba da alminiyum sun fi ruwa nauyi, ga inji ga batir. Ba tare da soso ba, ƙasa za su wuce kai tsaye. A cire jiƙaƙƙen, a mayar da busasshe daidai yawansa, a kuma bar masa hanya a ƙasa inda ruwa zai gangara zuwa magudana. A kula, farin sosan nan da ake kunshe firiji da talabijin da shi, fetur na narkar da shi, rezin na foliyesta ma haka.

Rezin iri biyu aka fi sani a kasuwa, foliyesta da ifoksi, kuma rikita su ya ɓata aiki da yawa. Ana cewa in kana sauri ka ƙara maganin daskarwa. A foliyesta, wanda shi ne mai araha da masu faiba suka fi sani, maganin kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ake ɗigawa, ƙari yana sa shi saurin kamawa, amma a zafinmu sai ya daskare a cikin roba kafin ka shafa rabi, wanda ya wuce kima kuma ya yi gautsi. A ifoksi kuwa ƙarin ba ya ƙara sauri ko kaɗan. Awo ne tsayayye, wani biyar da ɗaya, wani biyu da ɗaya, yadda kamfanin ya rubuta. In ka saɓa, zai zauna yana danƙo har abada, sai an kankare. Ifoksi ya fi kama katako, ya fi tare ruwa, kuma yana kama tsohon foliyesta, amma foliyesta ba ya kama ifoksi da kyau. Rana tana cin ifoksi, don haka sai an rufe shi da fenti ko shimfiɗa.

Kafet na ɗaki zai yi? A'a. Bayansa yana shan ruwa, rana ta kashe launinsa, in kuma mai zaren madauki ne ƙugiya ta maƙale a ciki. Mai kauri ya fi? Ba kullum ba. Ana auna na jirgi da nauyi, oza 16 ko 20 ko 24 a kowane yadi murabba'i, kuma wanda ya sa mai kauri a inda aka tsara wa siriri zai tarar murafun akwatuna sun ƙi rufuwa. Gashin kafet yana da inda ya kwanta, in ba a yanka kowane yanki yana fuskantar gaba ɗaya ba, a rana sai ka ga kamar launi biyu ne. Tsohon da aka ɓare kada a yar da shi, shi ne ma'aunin yanka sabon. Gam mai ƙarfin wari kuwa, tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a cikin jirgi kamar ruwa a kwano. Sigari ɗaya ko tartsatsin giranda ya isa. A yi aikin a fili.

Akwai magana ɗaya da na ɗauka camfi ce, ta kasance gaskiya: wai kafet yana ƙara kamu saboda kifi na jin motsin cikin jirgi. Sauti yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu, kifi kuma yana ji da kunnen da ke cikin kansa, yana kuma jin girgizar kusa da wani layi da ya bi gefen jikinsa. Filaya ta faɗi a kan tsiraran alminiyum a ruwa mara zurfi, ka sanar da duk na kusa. Masuntanmu sun san wannan tun tuni, tunda sukan bugi jikin jirgi da gangan don su kora kifi cikin taru.

Duk da haka, in ni za a tambaya, wanda su ne sana'arsa, mai jawo koma da tarwaɗa da laka kullum, ba shi da abin yi da kafet. Ƙarni ba ya fita daga cikinsa, ƙaya na maƙalewa, ba ya bushewa tsakanin fitar asuba da ta yamma. Fenti mai haske da aka barbaɗa wa tankaɗaɗɗen yashi tun yana ɗanye, aka sake shafa wani a kai, yana hana santsi, bokiti ɗaya ya wanke shi, kuma duk tsagewar da ta fito ido zai gan ta ranar da ta fito. Inda ake tsayawa a jefa tabarmar roba da za a iya ɗagawa a shanya. Akwai ledar jirgi da kuma shimfiɗar soso mai laushi da ake mannawa yanzu, suna da kyau, amma masu duhun launi suna ɗaukar zafin da ba a iya takawa ba takalmi da tsakar rana.

Ranar Asabar maigidan ya zo da sandunan fatsarsa, ya tarar da jirginsa a buɗe, ƙashinsa a waje, ga buhu tara na jiƙaƙƙen soso a jere. Ransa ya ɓaci, ya fara faɗa. Ƙanena ya rusuna ya ce, “Ranka ya daɗe, ɗaga buhu ɗaya ka ji.” Ya kama da hannu ɗaya, bai tashi ba, ya sa na biyu. Ya ajiye, ya tsuguna ya leƙa inda 'ya'yansa ke zama in an fita, ya tura ɗan yatsa cikin katakon, yatsan ya shige har gaɓa ta biyu. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambayi kwana nawa aikin zai ci. Aka ce masa mako uku in rana ta yi kyau, domin sai cikin ya bushe ƙarau kafin a shafa komai. Kafet ɗin shuɗi aka mayar da shi ɗaki a naɗe, ƙanena kuma ya ɗaure toshiyar magudanar da igiya a jikin sitiyari, inda duk wanda zai tayar da inji sai ya gan ta.